Giwa

Cikin dukan dabbobin da ke tafiya bisa ƙasa babu wadda ta kai giwa girma. Namijinta shi ake ce wa toro. Babban toro yakan kai metir 3 na tsawo daga ƙasa zuwa kafaɗa, wani ma ya wuce haka. Nauyinsa yakan kai tan 6, wato kilo 6.000. In kuna so ku gane wannan nauyi, ku tuna da buhun hatsi mai kilo 100, ku jera guda 60. Macen ba ta kai toro ba, nauyinta wajen tan 3 ne.

Yawancinku ba ku taɓa ganin giwa da idonku ba, amma sunanta yana bakin kowa. Ana cewa sawun giwa ya taushe na raƙumi. Ana cewa giwa a garin wani zomo ce. In maroƙa za su wasa sarki, sai su kira shi toron giwa. Wannan ya nuna kakanninmu sun san ta sosai, sun zauna daji ɗaya da ita. To, ina ta shiga? Kafin mu ba da amsa sai mun san jikinta da irin zamanta, don amsar tana ciki.

Hannu, kunne da sau

Abin da ido ke fara faɗa wa a jikin giwa shi ne dogon hancinta. Hausawa suna ce masa hannun giwa, kuma sunan ya dace. Hanci ne da leɓen sama suka haɗu suka yi tsawo har ƙasa. Babu ƙashi ko ɗaya cikinsa, tsoka ce zalla, dubbai a jere. Da shi take numfashi, da shi take sansana iska ta gane inda ruwa yake. Da shi take karya reshe, ta tumɓuke ciyawa, ta kakkaɓe ƙasar a gwiwarta kafin ta kai baki. Wannan hannu da ke iya ɗaga gungumen itace, shi ne kuma ke tsintar ƙwayar gujiya ɗaya daga ƙasa.

Yara da yawa suna tsammani giwa da hanci take sha. Ba haka ba ne. Tana zuƙo ruwa cikin hannun, wajen litir 8 a zuƙa guda, sa'an nan ta lanƙwasa shi ta tsiyaye cikin baki. Ɗan giwa kuwa da baki yake shan nono. Yakan yi watanni yana koyon aiki da hannunsa. Da fari lilo kawai yake yi da shi, wani lokaci har ya taka shi.

Kunnen giwa kamar faifai yake, amma ya fi faifai faɗi ƙwarai. Cike yake da jijiyoyin jini. In rana ta yi zafi sai ta riƙa kaɗa kunnuwan, iska ta sanyaya jinin, jinin ya koma cikin jiki da sanyi. Fatarta tana da kauri, a wani wuri har santimetir 2 da rabi, duk da haka tana jin cizon ƙwari da zafin rana. Shi ya sa take birgima cikin laka, ta kuma watsa wa bayanta turɓaya.

Ƙafarta kamar turmi ce, amma ƙarƙashinta akwai kitse mai taushi kamar matashi. Saboda haka garke guda yana iya wucewa kusa da mutum da dare bai ji motsi ba. Masu bin sau suna da wata dabara: sukan auna kewayen sawun ƙafar gaba da igiya, su ninka shi sau biyu, sai su sami kusan tsawon giwar har kafaɗa.

Haƙora

Haure haƙori ne. Haƙoran gaba ne na sama guda biyu suka fito waje, suna ta girma muddin giwa tana da rai. Da su take haƙar ƙasa ta nemi ruwa ko gishiri, da su take ɓare ɓawon itace, da su toraye ke gwada ƙarfi. Yadda cikinku akwai mai dama akwai bahago, haka giwa: haure ɗaya ya fi shan aiki, shi ne za ka gani ya fi gajarta. Wajen kashi ɗaya cikin uku na haure yana binne cikin ƙashin kai. Ku riƙe wannan da kyau. Wanda ke son haure duka ba ya samunsa sai ya kashe giwar.

Cikin baki kuma akwai turame na tauna, kowane kamar tubali. Mutum sau biyu yake haƙora, na nono da na girma. Giwa sau shida take yin turame. Ba daga ƙasa suke tsirowa ba kamar namu. Sabo yana fitowa daga can baya, yana turo tsohon gaba sannu sannu har ya gutsure ya faɗi. In na shidan ya cinye, wajen shekara 60, babu wani kuma. Tsohuwar giwa sai ta koma bakin fadama inda ciyawa ke da laushi, tana ramewa har ta mutu. Wadda ba a kashe ba takan yi shekara 60 zuwa 70 a duniya.

Ci da sha

Giwa ba ta cin nama. Abincinta ciyawa, ganye, ɓawo, saiwa da ƴaƴan itace. Tana son ƴaƴan gawo, da aduwa, da giginya, tana kuma yagar jikin kuka don damshin da ke ciki. Babbar giwa takan ci kilo 150 a yini, buhu ɗaya da rabi ke nan. Takan sha litir 100 zuwa 200. In mun ɗauki litir 150, bido 6 ke nan mai litir 25. Wajen awa 16 take yi tana kiwo, barcinta kaɗan ne.

Cikinta ba ya narkar da rabin abin da ta ci. Wannan kamar hasara ce, amma daji yana cin ribarsa. Ƙwallon aduwa ko na giginya yakan fito cikin kashinta lafiya lau, a wuri mai nisa da uwar itacen, ga taki kuma ya samu. Nan zai tsira. Buzuzu ya zo ya mirgina rabonsa, tsuntsaye su tsattsage sauran. Da rani, in kogi ya ƙafe, giwa takan tona rairayi har ruwa ya ɓullo. In ta sha ta tafi, sai gada da barewa da biri su zo su sha. Hanyoyin da ta buɗe cikin sarƙaƙiya su ne sauran namun daji ke bi.

Dabbar da ke ci haka ba ta iya zama wuri ɗaya. In ta zauna, cikin ƴan watanni sai ta cinye wurin. Dole ta yi yawo, kamar yadda makiyaya ke yin arewa da damina su yi kudu da rani. A ƙasar Mali, yankin Gurma, akwai giwaye ƴan ɗaruruwa da ke kewaya ɗaruruwan kilometir kowace shekara, daga wannan tabki zuwa wancan, har kan iyakar Burkina Faso.

Garke

Garken giwaye na mata ne da ƴaƴansu. Shugabar garke tsohuwa ce, sauran kuma ƴaƴanta ne, da ƙannenta, da jikokinta. Ita ke cewa a tashi, ita ke cewa a tsaya. Ɗa namiji, in ya kai shekara 12 zuwa 15, yakan bar garken ya shiga yawo shi kaɗai ko tare da wasu toraye. Mace kuwa inda aka haife ta nan take zama har mutuwa.

Suna magana da juna. Ban da kururuwar da mutum ke ji, suna da wani gurnani mai zurfi wanda kunnenmu ba ya kamawa, amma wata giwa tana jinsa daga nisan kilometir da yawa. In wata ta ji ciwo sukan tsaya mata, su tallafe ta. In suka tarar da ƙasusuwan ƴar'uwarsu sukan tsaya su shafa su da hannu, su daɗe a wurin.

Amfanin tsohuwa shi ne tunawa. Ta san tabkin da ba ya ƙafewa, ko da shekara 30 ke nan rabonta da shi. A ƙasar Tanzaniya an yi babban fari a 1993. Masu bincike sun lura garkunan da ke da tsofaffi sosai sun bar wurin da suka saba, sun nufi inda ruwa yake. Garken da shugabarsa ba ta manyanta ba ya zauna, ƴaƴansa da yawa suka mutu.

Haihuwa

Yanzu mun zo wurin da ya kamata ku buɗe kunne. Akuya wata 5 take yi da ciki. Saniya wata 9. Raƙuma wajen wata 13. Giwa wata 22, wato shekara biyu ba wata biyu. Babu wata dabba mai shayarwa da ta kai ta daɗewa da ciki. Ɗa ɗaya take haihuwa, tagwaye sai can ba a rasa ba. Jaririn yana da kilo wajen 100, kuma kafin awa biyu ya miƙe tsaye. Yakan sha nono shekara 2 ko fiye. Uwar ba ta sake haihuwa sai bayan shekara 4 ko 5. Ita ƴar kuwa ba ta fara haihuwa sai ta kai shekara 12 ko kusa da haka.

Mu gwada da jar akuyar Maraɗi. Kafin ta cika shekara biyu ta fara haihuwa, sau da yawa tagwaye. Wanda fari ya kashe wa awaki, in ya sami biyu ko uku, cikin ƴan shekaru garkensa ya komo. Garken giwa 100 kuwa, ko da ruwa da ciyawa sun wadata, ba ya ƙaruwa da fiye da 5 ko 6 a shekara. In ana kashe 10 kowace shekara, kun ga raguwa yake yi. Harsashi yana kashe giwa cikin minti ɗaya, amma kafin a sami wata uwa a madadinta sai an jira shekara 14 ko fiye.

Iri uku

Da, littattafai suna cewa giwa iri biyu ce, ta Afirka da ta Asiya. Da masana suka binciki jininsu, sai suka gane ta Afirka kanta iri biyu ce. Tun 2021 babbar ƙungiyar kare halittu ta duniya take lissafa su dabam dabam.

Ta fari ita ce giwar fili, wadda muka yi ta magana a kanta. Ita ce babba. Kunnenta faffaɗa, haurenta ya lanƙwasa ya nufi gaba. Mafi yawanta suna kudanci da gabashin Afirka, kuma ƙasar Botswana ta fi kowace ƙasa yawansu.

Ta biyu giwar kurmi. Ba ta kai ta fili girma ba, kunnenta ƙarami ne mai kewaye, haurenta siriri a miƙe yana kallon ƙasa, don kada ya sarƙe cikin itatuwa. Tana zaune cikin kurmin tsakiyar Afirka, musamman Gabon da Kwango, da wasu wurare na Afirka ta Yamma. Ta fi ƴar'uwarta jinkiri: sai ta wuce shekara 20 take fara haihuwa. A yankin dajin W da maƙwabtansa an sami giwaye masu jinin iri biyun a gauraye.

Ta uku giwar Asiya. Tana cikin ƙasashe 13, fiye da rabi a Indiya, dukansu kuma wajen 50.000 ne. Kunnenta ƙarami, bayanta a tudu, goshinta da ƙullutu biyu. A bakin hannunta yatsa ɗaya ne, ta Afirka kuwa biyu. Matan ba su da haure mai fitowa waje. Tun shekaru dubbai mutanen can suke horar da ita, ta ɗauki mutane, ta ja gumagumai.

Giwa a ƙasarmu

A duwatsun Ayar da na Jado akwai zane-zane da mutanen da suka sassaƙa bisa dutse shekaru dubbai da suka wuce. Cikinsu akwai raƙumin dawa, akwai jimina, akwai giwa. A lokacin, inda yau rairayi yake, akwai tabkuna da ciyawa. Da ruwan sama ya ja baya, giwa ta yi kudu.

A ƙasar Hausa ta daɗe. Maharba suna da makami na musamman dominta, ana ce masa sango: ƙarfe ne mai dafi da ake cusawa cikin bindiga a harba. Ko a shekarun 1980 da 1990 giwaye sukan shigo dajin Babban Rafi, kudu da Maraɗi, daga wajen Nijeriya. Amma mutane sun yi yawa, gonaki sun ci daji, hanyoyin da giwa ke bi sun toshe.

Babban mazaunin giwa a Nijar shi ne gandun dajin W, wajen kilometir 150 kudu da Yamai. An sa masa wannan suna don a nan kogin Isa ya yi kwana-kwana kamar harafin W. An mai da shi gandun ƙasa a 1954. Ɓangaren Nijar yana da faɗin hekta 220.000, sauran yana cikin Benin da Burkina Faso. A 1996 hukumar UNESCO ta sa ɓangaren Nijar cikin kayan gadon duniya, a 2017 kuma aka haɗa shi da gandun Arli na Burkina Faso da na Panjari na Benin. Waɗannan dazuka uku su ne ke riƙe da giwaye mafi yawa a Afirka ta Yamma. Giwa ba ta san iyakar ƙasa ba. Yau tana bakin rafin Tapowa, gobe ta ƙetare Mekuru ta shiga Benin. Don haka ƙasa ɗaya ba ta iya tsaronta ita kaɗai. Daga wajen 2018 ƴan bindiga suka shiga waɗannan dazuka, aikin ma'aikatan gandun daji ya yi wuya ƙwarai, wasunsu sun rasa rayukansu.

Haure

Cinikin haure tsohon ciniki ne. A ƙarni na 19 ayarin raƙuma daga Kano da Damagaram sukan ƙetare hamada zuwa Tarabulus ɗauke da fatu, da gashin jimina, da haure. Turawa ma sun yi ta lodinsa cikin jiragen ruwa, har wata ƙasa ta samo sunanta daga nan: Kodibuwar, ma'anarta gaɓar haure. Me ake yi da shi? Mataji, awarwaro, hatimi, ƴan gumakan ado, da maɓallan wani abin kiɗa na Turawa da ake kira piyano. Babu ko ɗaya cikinsu da mutum zai mutu in bai samu ba.

Da bindigogin yaƙi suka yawaita, ɓarnar ta ƙaru. A 1979 an ƙiyasta giwayen Afirka sun kai miliyan 1 da dubu 300. A 1989 wajen 600.000 suka rage. Cikin shekara goma an rasa fiye da rabi. A wannan shekara ta 1989 ƙasashen duniya suka hana cinikin haure tsakanin ƙasa da ƙasa, gwamnatin Kenya kuma ta tara tan 12 ta cinna masa wuta a gaban jama'a. Abin ya lafa, sa'an nan ya sake tashi: daga 2010 zuwa 2012 an kashe wajen 100.000. A 2016 an ƙiyasta saura 415.000. A ƙarshen 2017 ƙasar Sin, inda aka fi sayen haure, ta rufe kasuwarsa a cikin gida.

Ɓarawon haure babbar giwa yake nema, don ita ke da babban haure. Kun ga ke nan tsofaffi yake fara kashewa, waɗanda suka san hanyar ruwa. Jaririn da aka kashe uwarsa kafin ya shekara biyu da wuya ya rayu. Harsashi ɗaya, rai biyu.

Amma in an tsaya da gaske garke yana farfaɗowa. A gandun Zakuma na ƙasar Cadi akwai giwa fiye da 4.000 a 2002. Mahara bisa dawaki suka yi ta kashe su, a 2010 saura wajen 450. Tsoro ya sa waɗanda suka rage sun kusa daina haihuwa. Aka gyara tsaro, aka sa wa wasu giwaye abin wuya mai nuna inda suke, mutanen ƙauyuka kuma suna kai labari in sun ga baƙi da makamai. Bayan ƴan shekaru aka fara ganin jarirai, garken ya haura 500. Ku lura da lissafin: shekara 8 ta isa a rasa dubbai, shekara 10 ba ta isa a mai da ko kashi ɗaya cikin goma ba.

A Nijar, dokar farauta ta 1998 ta sa giwa cikin dabbobin da aka hana kashewa.

Giwa da manomi

Kada mu manta da mutumin da gonarsa ke bakin daji. Ya yi shuka, ya yi noma, ya yi maimai, hatsi ya fid da kai. Dare ɗaya garke ya shigo, abin da bai ci ba ya tattake. Da safe babu abin da zai sa a rumbu. Wani lokaci ma giwa takan fasa rumbun, takan kuma kashe mutum in ta firgita ko tana da jariri. Wanda ya ce wa wannan manomi ya so giwa, bai ba shi komi ba, wasa yake yi.

Da ma ana korarta da wuta, da ganga, da ihu, amma giwa tana da wayo, takan saba. An samo wasu dabaru. Ba ta son barkono, wato tonka. Ana kwaɓa shi da baƙin mai a shafa wa igiya a kewaye gona, ko a cuɗa shi da kashin giwa a busar a ƙona, hayaƙin ya kore ta. Tana kuma tsoron zuma, don takan harbe ta cikin hanci da gefen ido. A Kenya manoma suna rataya amya a kewayen gona, su haɗa su da waya. In giwa ta taɓa wayar, amyar ta girgiza, zuma ta fito, giwa ta juya. Manomin ya tsira da hatsinsa, ga ruwan zuma na sayarwa. Wata dabarar ita ce a bar mata burtali, kamar yadda ake bar wa shanu, tsakanin wannan daji da wancan, kada a yi gona a kai.

Tambayoyi

1. Me ya sa Hausawa ke ce wa hancin giwa hannu? Ku faɗi aiki huɗu da take yi da shi.
2. Yaya giwa take sanyaya jikinta in rana ta yi zafi?
3. Me ke faruwa da tsohuwar giwa in turamenta na shida suka cinye?
4. Ta yaya za ku bambanta giwar fili da giwar Asiya a hoto?
5. Don me kashe tsohuwar giwa ya fi cutar da garke?
6. Waɗanne ƙasashe ne suka haɗu a dajin W?

Lissafi

1. Kewayen sawun wata giwa metir 1 ne da santimetir 40. Nawa ne tsawonta har kafaɗa?
2. Garke yana da giwa 12 manya. Kowace tana shan litir 150 a yini. Bido nawa ke nan mai litir 25?
3. Wani daji yana da giwa 200. Kowace shekara ana samun ƙarin 10, ana kashe 30. Nawa za su rage bayan shekara 5?

Aiki

Ku tambayi tsofaffin garinku ko an taɓa ganin giwa a dajinku, a wane wuri, kuma zamanin wane sarki. Ku rubuto abin da suka gaya muku, tare da karin magana biyu masu sunan giwa waɗanda ba su cikin wannan karatu.